Kwali na Sha Ɗaya

Kaltume uku ce a Gidan Kanya, wani ƙauye da ke arewa da Ɗambatta: akwai mai daddawa, akwai matar liman, sai mai kwali. Ta ukun nan ita ce tamu. Yanzu ta tsufa, bayanta ya ranƙwafa, babban yatsanta na dama ya karkace gefe guda saboda danna wuƙa. Ba ta zama a gidan biki, gidan suna ma leƙawa take yi ta dawo. Matan garin suna cewa wai ba ta son mutane. Sharri suke yi mata, kuma yawancinsu ba a haife su ba a shekarar da ta yi takaba.

'Yar Bagwai ce. Aure ya kawo ta gidan Khalilu, ɗan auta a cikin maza biyar. A wannan yanki gona a kan gona take, ba jeji, ba saura, kowace bishiya da mai ita. Da aka raba gonar ubansu, Khalilu ya tashi da kunya goma sha huɗu, wadda in ka tsaya a wannan gefe ka yi tari, na wancan gefen zai ce maka sannu. Shi ya sa ya tafi Kano ya kama aikin yankan takarda a wata maɗaba'a. Sai shekarun nan suka zo: damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero yana ɗaukar ciki, sabulu da gishiri suka zama abin layi, masana'antu suka yi ta sallamar mutane. Khalilu ya dawo gida da wuƙarsa a aljihu da tabarma a kafaɗa.

A Ɗambatta akwai wata Hajiya Falta, iyayenta mutanen Borno ne amma a nan aka haife ta. Turaren wuta take haɗawa, a ƙulla a leda, a sa a 'yan ƙananan kwalaye, a kai Kano. Kwalin kuwa falle-falle take samowa daga maɗaba'a, waɗanda bugu ya lalace, kuma a lokacin falle ɗaya ma sai da kamun ƙafa. Tana da mai yanka mata a ƙofar gidanta, yana fitar da kwali goma a kowane falle. Khalilu ya je ya durƙusa ya ce shi zai fitar da sha ɗaya. Ta ba shi falle guda ya gwada, ya dawo mata da sha ɗaya cif. Tun daga ranar aikin ya koma Gidan Kanya, duk Talata ya hau keke ya kai yankakku ya ɗauko sababbi.

A zaure yake aikin, inda Kaltume ba ta zama. Abin da ta sani kawai shi ne ƙarar wuƙa a kan katako, da ƙaron da take jiƙa masa kowace safiya don liƙi. Shekara shida tana jiƙa ƙaron nan tana mita. Ciyawa ta ci gona, yana zaure. Ɗaki yana yoyo, yana zaure. Uwarta ta kwanta ciwo a Bagwai, ya ce sai mako mai zuwa.

"Wai kwali kake yanka ko babbar riga kake ɗinkawa?" takan ce daga bayan ƙofa. "Tuwon ya huce sau biyu."

"Saura kaɗan," yakan ce.

Kullum saura kaɗan. Ga kuma wasu buhunan guntayen kwali da yake tarawa a lungun zaure, ya hana kowa taɓawa, ko da yara za su yi wasa. A ganin Kaltume mijinta mutumin kirki ne mai sanyin jiki da son tara tarkace, kuma ta sha gaya masa haka.

Da bazara, zafi ya kai inda ya kai, sanƙarau ya kama shi. Kwana uku ya yi. Ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, Mairo mai shekara bakwai da Asama'u mai huɗu.

Ranar sadakar uku mata suka cika gida, aka ɗora tukwanen tuwo, kara ya ƙare, itace kuwa sai dai labari. Wata ta leƙo ɗaki ta ce ga buhu biyu a zaure cike da shara, a hura wuta da su? Kaltume tana zaune a kan tabarma, kanta a lulluɓe, idonta ya kumbura. Ta ce a ƙona. In za a faɗi gaskiya, har da ɗan haushi ta faɗa, don tana ganin tarkacen nan ne suka cinye mata miji tun yana da rai. Wutar ta ci da kyau, tuwo ya nuna, kowa ya ci ya yi addu'a. A ranar ne kuma Dabo, yayan marigayin, ya ɗauki katakon da ake yanka a kai ya toshe wata kafa a dangar da ta raba sashensa da nata, don awakinsa suna shigowa cikin masu zaman makoki.

Bayan sadakar bakwai Dabo ya yi sallama, ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

"Kaltume, ba korarki nake yi ba, Allah ya gani. Amma kunya goma sha huɗu ba ta ci da mutum uku, ni kuma baki tara nake ciyarwa. Yayanki ya aiko, ya ce ke kaɗai zai iya ɗauka. In kin fita takaba, an yanke gero, ki koma Bagwai. Mairo ta zauna wurina, Asama'u a kai ta wurin gwaggonta a Rimin Gado."

Ba mugu ba ne Dabo. Shi ma wuyansa ya yi tsawo a shekarar.

"Yaya, in na ci da su da kaina fa?" in ji Kaltume.

Ya ce, "In kin iya, ɗakinki ne. Wa zai tashe ki?"

Da Hajiya Falta ta zo gaisuwa, ƙamshinta ya riga ta shiga gida. Mai takaba ba ta sa turare, don haka Hajiya ta ja tabarmarta can gefe, suka gaisa daga nesa. Aka yi addu'a, ta miƙe za ta tafi, Kaltume ta ce, "Hajiya, aikin Malam. Ki bar mini."

"Kin iya?"

"Zan iya."

Hajiya ta dube ta, ta dubi yaran da ke maƙale da ita. "To ji nan, 'yar nan. Ba don kyan ƙauyenku nake aiko kwali nan ba. Ina da mai goma a ƙofar gidana, ko takalmi ba sai na sa ba. Sha ɗaya ce ta kawo aikin nan gidan. Zan bar miki falle biyar, in zo da kaina Talata uku. In kin fitar da sha ɗaya, aikin naki ne. In ba ki fitar ba, kada ki ga laifina."

Kayan aikin suna nan cikin wata tsohuwar jakar fata: wuƙa, dutsen wasawa, guntun fensir, da ma'auni. Ma'aunin gwangwani ne da Khalilu ya buɗe ya daddale, ya yanke shi daidai da siffar kwalin idan an warware shi: ɓangare huɗu a jere, da kunnuwa sama da ƙasa, da wani dogon harshe na murfi da ya fito gefe guda. Shi ake ɗorawa a kan falle a zana, a matsa gaba a sake zanawa. Abu mai sauƙi, in ji wanda bai taɓa yi ba.

Kaltume ta jera shi layi-layi a kan falle, ta samu takwas. Ta kwantar da ɗaya a ragowar gefe, tara. Ta ce ai wataƙila in an fara yanka wuri yakan buɗe, ta kifa akushi ta yanka falle biyu a kai. Wuri bai buɗe ba. Guntayen ta tura su murhu.

Talatar farko Hajiya ta ƙirga sha takwas, ta riƙe haɓa. "Falle biyu kika kashe mini a kan tara-tara? Kin san ƙafa nawa na kama kafin na samo su? Kada ki ƙara sa wuƙa sai kin ga sha ɗaya da idonki."

Wanda za ta tambaya fa? Akwai abokin Khalilu a Ɗambatta da suka yi maɗaba'a tare, amma mai takaba ba ta zuwa Ɗambatta neman wani namiji, wata huɗu da kwana goma ko bakin zaure ba ta tsayawa. Matan da ke shigowa taya ta zama kuwa, kowacce ta ɗauki ma'aunin ta juya shi ta ajiye ta ce Allah ya kawo mafita. Ɗaki ɗaya, tsakar gida taku goma, danga: iyakar duniyarta ke nan. Ta share ƙasan ɗaki, ta zana girman fallen da tsinke, ta yi ta ɗora gwangwanin tana zanawa tana gogewa da tafin hannu. Ga damina ta faɗi, tana jin maza suna wucewa gona da fartanya, tana jin geron Dabo yana tashi ta bayan danga, kuma kowane ganye da ya ƙaru kwananta ne yake raguwa. Yaran suna shan kunun dusa. Da rana Asama'u takan kwanta a cinyarta, Kaltume ta riƙa lissafin tafiyar Rimin Gado, mota biyu ce ko uku, har ta rasa inda ta tsaya a zanen.

A mako na biyu tana wanke-wanke ta cusa ludaya biyu a ƙwarya, kan wannan wajen wutsiyar wancan, suka shige ba gardama. Ta bar wanke-wanken da kumfa a hannu. Ta ɗora ma'aunin, ta zana, ta juya shi kai ya koma ƙafa, harshen murfin wannan ya shige tsakanin kunnuwan wancan. Biyu, huɗu, shida, takwas, goma. Goma! Ta yi dariya ita kaɗai, karon farko tun rasuwar, har ta toshe baki don kada maƙwabta su ji mai takaba tana dariya.

Daga nan abin ya tsaya cak. Abin da ya saura kusurwa biyu ne, ɗaya can sama ta hagu, ɗaya can ƙasa ta dama, kowacce ta kusa rabin ma'auni amma ba ta kai guda ba. Ta karkata shi, ta matse layuka har ba tazarar bakin wuƙa, ta fara daga tsakiya, ta fara daga gefe. Goma dai. Ta fara yi wa mamaci faɗa a zuci: shekara shida, ko sau ɗaya ba ka ce zo ki gani ba? Sai kuma ta tuna ita ma ko sau ɗaya ba ta ce nuna mini ba, ta yi istigfari.

Talata ta biyu Hajiya ta durƙusa ta ƙirga zanen da ke ƙasa. "Goma. Kin yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinki ba. Amma na gaya miki ina da mai goma." Ta shafa kan Mairo, ta ba yaran ƙuli-ƙuli, ta tafi.

Ranar Lahadi da hantsi aka yi ruwa mai ƙarfi da iska. Da ya ɗauke, awakin Dabo suka matso danga neman busasshen wuri, suka ture katakon nan, ya faɗo cikin tsakar gidan Kaltume. Ta fito da tsintsiya tana korarsu tana tsaki. Ta sunkuya za ta ɗaga shi, sai ta tsaya. Duk kwanakin nan bayansa take gani, fuskar tana kallon sashen Dabo. Yanzu ga fuskar a sama, ruwan laka ya bi ta kai, ya kwanta a cikin wasu layuka, sun fito jajur a jikin itacen. A gefe ga ƙusa uku a kafe, inda Khalilu yake tokare falle don kada ya motsa. Shekara shida wuƙa tana bin hanya ɗaya, ta haƙa wa kanta rami.

Ko ɗaki ba ta kai shi ba. Ta ɗauko ma'aunin ta durƙusa a cikin taɓo, ta riƙa ɗora shi a kan layukan. Ya zauna daram. Ɗaya, biyu, kai da ƙafa, daidai yadda ta gano da kanta. Tara, goma. Ta nemi na sha ɗaya, ba ta gan shi ba. Kusurwoyin nan biyu dai suka saura, irin nata sak. Amma su ma akwai layi a cikinsu, kuma sun fi ko'ina zurfi. Ta ɗora rabin ma'aunin a ta sama: ɓangare biyu da kunnuwansu. Ta ɗora ɗaya rabin a ta ƙasa: ɓangare biyu da harshen murfi.

Ta zauna daɓas a cikin lakar.

Ashe falle bai taɓa ɗaukar sha ɗaya ba. Goma yake ɗauka, kamar na kowa. Na sha ɗayan rabi biyu ne, Khalilu yake haɗa shi da ƙaro, ya ɓoye haɗin. Yunwa ce ta sa ya yi alkawarin da falle ba zai iya cikawa ba, ya yi shekara shida yana cika shi da hannunsa. Buhunan nan da ta ce a ƙona ba shara ba ne, rabi-rabin kwalaye ne da ya tanada don ranar da kusurwa ta zo a yage. Ƙaron da take mitar yawansa, tuwon da ke hucewa, Bagwai da ba a je ba, duk a kusurwa biyun nan suka tafi. Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi, don wancan na rashi ne, wannan kuwa har da kunya a ciki.

Da ta yi azahar ta wanke katakon, ta tokare falle a jikin ƙusoshin. Goman farko ba su ba ta wuya ba. Na sha ɗayan ne aiki. Sai haɗin ya faɗa daidai kan lanƙwasa, sai an fere bakin kowane rabi ya yi siriri, a yanko wani ɗan zirin kwali a liƙa ta ciki, a danne da dutse, a jira ya sha iska, a lanƙwasa a hankali. In ka yi gaggawa ya buɗe baki. Na farko ya buɗe, ta kankare ƙaron ta sake. Kafin ya tsaya da kansa an kira la'asar. Kwali ɗaya ya ci lokacin da goma suka ci.

Talata ta uku Hajiya Falta ta zauna a gefenta na nesa, Kaltume ta tura mata ɗauri uku. Tun safe Kaltume take shawara da zuciyarta ko ta faɗi gaskiya, ta ce Hajiya falle goma yake ɗauka. Amma ta san abin da ke bayan wannan magana: mai goma yana ƙofar gida, ita tana Bagwai, Asama'u tana Rimin Gado.

Hajiya ta kwance ɗaurin farko tana ƙirgawa da yatsa. A na bakwai yatsan ya tsaya. Ta zaro shi, ta buɗe, ta shafa cikinsa da babban yatsa, daidai kan haɗin.

"Hannunki ya fi nasa tsabta," in ji Hajiya. "Shi, Allah ya ji ƙansa, ƙaronsa yakan ɓullo ta gefe."

"Hajiya, dama kin sani?"

"Tun fallen farko." Ta mayar da kwalin cikin 'yan'uwansa. "Ni ma ba a ƙara mini falle don na yi kuka, 'yar nan. Sha ɗaya nake ƙirgawa. Yadda aka yi ta zama sha ɗaya, wannan tsakaninki da katakonki ne. Za ki iya falle arba'in a mako?"

Kaltume ta dubi katakon. Arba'in a mako, kwalin haɗi arba'in ke nan, ta san yanzu abin da hakan yake nufi, ba kamar Khalilu ba da wataƙila bai sani ba ranar da ya durƙusa. Ta waiwaya, Mairo tana tsefe wa Asama'u kai a bakin ɗaki.

"Zan iya," ta ce.

Dabo ya cika maganarsa, bai ƙara tayar da zancen Bagwai ba, kafar dangar ma da ƙaya ya toshe ta. Yaran suka girma a ɗakin ubansu, daga nan aka kai kowacce gidan mijinta. Kaltume ta samu abin da ta nema, ba ta taɓa cewa ba ta samu ba.

Ranar da ta cika wata huɗu da kwana goma, an yanke gero, mata suka shigo da hantsi da sabon zane da ƙwaryar lalle, don ta yi wanka ta fita takaba a zaga da ita gidajen dangi ta yi godiya. Suka same ta a ƙofar ɗaki, katako a gabanta, kwalin haɗi goma sha biyu a jere a ƙarƙashin duwatsu, wasu goma sha ɗaya suna jiran ƙaro, kuma gobe Talata. Matar Dabo ta ce, "Haba Kaltume, yau ma? Tashi mana, ruwan wankan yana hucewa."

Ba ta ɗago kai ba. Tana fere bakin wani rabi ta ce, "Saura kaɗan."